Shekarar da Sarkin Noma Barmo Ya Kasa Saran Shuka

Masu riƙe da labaran da sun ce a garin Rafin Kanya an yi wani Sarkin Noma mai suna Barmo. Kafin a naɗa shi, sau uku yana noma dami dubu, kuma in ya dawo daga huɗa ya zauna gaban tuwo sai ka tausaya wa akushin. Ba wanda ya ga laifinsa, don gumi ke cinye abin da ya ci. Da aka ɗaura masa rawani sai ya jingine garma ya koma zaman zaure, amma cin bai yi murabus ba. Kullum gidaje bakwai ke aiko masa da abinci don girmamawa, shi kuwa a ganinsa mayar da ragowa raini ne ga mai aikowa. Sai ya suɗe kowane akushi tas, ya ce godiya yake yi.

Shekara huɗu ana haka, ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya zame masa aiki.

To, al'adar garin ita ce ba mai zuba iri sai Sarkin Noma ya taka da ƙafarsa har gonarsa ya yi saran farko da sungumi, wato fartanyar shuka mai dogon ƙota. A wannan shekara ruwan shuka ya sauka, mutane suka kwana biyu da iri a ƙwarya suna jira, laima tana gudu. Barmo ya gwada fita sau biyu, bai wuce ƙofar gida ba. Da hantsin rana ta uku yana zaune gindin tsamiyar gidansa, kunya da baƙin ciki sun cika shi, sai ga shamuwar da ke sheƙa a tsamiyar duk damina ta sauko.

Ta ce, "Salamu alaikum. Ina Sarkin Noma ya shiga?"

Ya ce, "Ga ni gabanki, Shamuwa. Ko tsufa ya fara taɓa idonki?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, sau ɗaya nake zuwa a shekara, shi ya sa nake ganin abin da mutanen gidanka ba sa gani. Bara na tarar da mutum ɗaya da rabi, bana biyu cur."

Barmo bai yi dariya ba. Ya ce, "To yaya zan yi? Mutane sun girmama ni da tuwonsu. In mayar musu, in zama butulu?"

Shamuwa ta ce, "Wannan maganar na taɓa jin ta a bakin Jatau ɗan kokawa, ban kuwa so yadda ta ƙare ba."

Ya ce, "Yaya aka yi da Jatau?"

Shamuwa ta gyara tsayuwa, ta ce, "Allah ya ba ka nasara, a wani gari na bakin gulbi inda nake yada zango an yi wannan Jatau, wanda bayansa bai taɓa shan ƙasa ba. Wata shekara kafaɗarsa ta goce, ya bar fage. Yayarsa Kande, wadda ta rene shi tun yana maraya, ba ta rage masa komai ba. Fura ƙwarya guda da safe, tuwo malmala biyar da man shanu da rana, kamar gobe zai kara da wani. Shi kuwa daga tabarma sai tabarma.

"Da jiki ya yi masa nauyi aka kira wani tsohon wanzami, Nomau, ya yi masa ƙaho. Nomau ya dube shi ya ce, 'Jatau, ƙaho ba ya tsotse tuwo. Ka rage ci, ka kuma tashi ka taka.' Jatau ya ce, 'Baba, Yaya Kande tun asuba take daka saboda ni. In bar mata ragowa, me na ce mata ke nan?' Nomau ya ajiye ƙahonsa ya ce, 'To saurara ka ji abin da ya sami ragon Hassu.

"'Hassu mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, shekara biyar ba a yi layya a gidan ba. Sai ta sami ɗan rago ta turke shi, tana ba shi dusa da harawa da kanwa. Awakin gidan kan fita kiwo da safe su dawo da yamma a gajiye. Wata tsohuwar akuya ta ce masa, ka riƙa kuka kana jan igiya har a sake ka, ka biyo mu ko zuwa bakin rafi ne. Rago ya ce shi ba zai nuna wa matar nan rashin godiya ba, abin da ta zuba duk sai ya ga bayansa. Saura kwana tara Sallah ya kwanta ya kasa tashi, ciki ya kumbura, kafin a nemo mai yanka ya zama mushe. Hassu ta zauna bakin turke tana kuka, yara na kallonta. Ka gani, Jatau, duk abin da ta ba shi ya cinye, ita ko tsoka ɗaya bai bar mata ba.'

"Jatau ya yi dariya ya ce, 'Baba, ai ni mutum ne.' Da na sake ratsawa ta garin, Kande na tarar ita kaɗai a tsakar gida. Maza takwas ne suka ɗauki makararsa, suna hutawa a hanya. Har yau takan auna gari mai yawa ta zuba a tukunya, sai ta tuna, ta tsaya riƙe da muciya. Ranka ya daɗe, Kande ba don ta ga akushi fayau take girki ba, don ta ga ƙanenta a tsaye ne. Gidajen nan bakwai ma ba su naɗa ka don ka wanke musu akushi ba."

Barmo ya dubi kumburarrun ƙafafunsa. Can ya ce, "Shamuwa, maganarki ta yi mini ciwo, amma na karɓa." Ya kira matarsa ya ce, "Tambai, daga yau kowane akushi a ɗebar mini loma ɗaya, sauran a kai wa masu aiki a gona. Godiyar kuwa ni zan riƙa kai ta da ƙafata, gida gida, kowace safiya."

Ya dogara sungumi ya fita, gari ya biyo shi a hankali. Sau biyar ya zauna a hanya, sai dab da azahar ya isa gonar. Ya ɗaga sungumin, nauyinsa ya rinjaye shi, ya sauke. Ya sake ɗagawa, ya gagara.

Sai ya juya ga ƙanensa ya miƙa masa, ya ce, "Ɗanlami, sara. Kada laima ta tsere wa mutane saboda ni."

Ɗanlami ya sara, jama'a suka watse zuwa gonakinsu da gudu. Barmo ya karɓi ƙwaryar iri ya bi bayan ƙanensa, yana jefa gero a rami yana rufewa da kumburarren diddige, hawaye na zuba cikin gemunsa. Layi ɗaya ya iya a ranar. Da ya kai ƙarshensa ya ce a bar masa biyu gobe.