Yadda Sunan Tunau Ya Tsira a Bakin Turmi

Tun zamanin da giwaye ke shan ruwa a inda kasuwar Tsaunin Ƙirya take yanzu, wani maharbi mai suna Tunau ya shigo dajin nan, shi da taubashiyarsa Kyauta, 'yar kawunsa, wadda ke yi masa bandar nama. An ce kibiyarsa kan bi dabba har ta sha kwana, kuraye kuwa sukan kauce masa a hanya. Kyauta dai abin da ta gani da idonta daban ne. Ranar da suka iso, wani gadu ya fafare shi, ya watsar da baka ya ɗare bishiyar ƙirya. Daga can sama ne ya hango tafkin da aka kafa garin a bakinsa.

Mutane suka taru, aka ja ganuwa, Tunau ya zama sarki. Saboda girmamawa sai aka daina kama sunansa. Matansa ba sa faɗa, fadawa sai kirari: Toron giwa, Bango madafar bayi, Hadarin gabas! Wanda aka haifa bayan naɗin bai taɓa jin sunan ba.

Abin ya riƙa damun Kyauta, don ta lura kirari na gadon sarauta ne, duk wanda ya hau shi za a yi wa. Da tsufa ya kama su ta shiga fada dogare da sanda. Ita kaɗai wasan taubasantaka ya ba damar kiransa gatsau.

"Kai Tunau, in ka mutu wa za a ce ya yi garin nan?"

"Toron giwa mana," in ji shi.

"Ɗanka ma Toron giwa ne gobe. Jikanka ma haka."

Sarki ya dube ta. Ya ce, "To ya za a yi? Ba mai iya faɗa."

"Ni zan iya. Amma ba za ka ji daɗi ba."

Washegari ta kafa turmi a ƙofar fada, tana daka tana waƙa: "Tunau, sauko, gadu ya tafi!" Fadawa suka zaro takubba. Sarki ya leƙo, ya yi dariya har da hawaye, ya ce a ƙyale ta. Matan garin suka ɗauka, tunda dai waƙar Kyauta ce suke maimaitawa, ba su ne suka kira shi ba.

Sarakuna da yawa sun hau bayansa, kowanne Toron giwa, kuma yau ba mai iya bambanta su. Ganuwar ma ta zube, ana noma gyaɗa a kanta. Amma je ka Tsaunin Ƙirya da hantsi ka tsaya bayan kowace katanga. Za ka ji taɓarya na sauka, mata suna ta lallashin sarkinsu na fari ya sauko daga bishiya.