Tayoyin Wilo da Jarrabawar Yaritza

Akwai wani mutum a nan garinmu Jayuya da ke kan duwatsu, sunansa Wilfredo, kowa na ce masa Wilo. Iyaye mata, ku yi haƙuri idan kun ji zafi a maganar yau, abin ne da ciwo.

Wilo yana da wata tsohuwar Corolla da ya shekara tara yana gyaran injinta saboda tsere. Ranar Asabar yakan kai ta filin tsere na garin Salinas, a jera ta da wata a miƙaƙƙen layi, a ga wa zai riga. Sauran kwanakin kuwa ita ce motar gida. Ita ce kasuwa, ita ce coci, ba su da wata.

Matarsa Nilsa ta daɗe da daina magana a kan motar. Hankalinta yana kan 'yarsu Yaritza, wadda ta gama karatun jinya, saura jarrabawar lasisi a babban birni San Juan ranar Litinin. Ƙarfe tara ake rufe ƙofa. Wani asibiti ya ajiye wa yarinyar gurbin aiki, da sharaɗin ta ci jarrabawar a wannan zagayen.

Ranar Alhamis Wilo ya ce zai canza tayoyin baya. Nilsa ta bi shi don daga can su wuce cefane.

Shagon tayar na Doña Migdalia ne, wato Uwargida Migdalia, matar da ta shekara talatin tana faci tun mijinta na da rai. Suka tarar da abokan tseren Wilo biyu zaune a benci suna shan kofi.

Wilo ya nuna wasu tayoyi masu faɗi da laushi. "Waɗannan nake so, Doña. Su ne za su kama ƙasa idan na taka."

Ta ɗaura ɗaya, ta sauke motar, ta zura yatsa tsakanin tayar da bakin ƙarfen jikin motar. Da ƙyar yatsan ya shiga.

Ta ce, "Ɗana, wa ke zama a baya?"

"Ina ruwan taya da mai zama a baya?"

"Yanzu motar ba kowa, ga abin da ya rage. Mutum biyu su zauna, ka shiga kwane-kwanen hanyar dutsen nan, ƙarfen zai sauko ya dinga yankar gefen tayar. Ko ka ɗauki mai ƙarancin faɗi, ko ka bar mini motar kwana uku a lanƙwasa bakin ƙarfen."

"Kwana uku? Jibi ne tseren!"

Ɗaya daga abokan ya kwashe da dariya. "Ba shi siririyar, Doña. Dama Wilo ɗan tasi ne, kaji da kayan miya yake ɗauka."

Wuyan Wilo ya kumbura. Nilsa ta taɓa hannunsa. "Wilo, ranar Litinin fa mu huɗu ne."

Ya fizge hannun. "Ke kuma yaushe kika zama makanike?" Ya juya ga dattijuwar. "Doña, iska kike busawa, ni nake tuƙi. Ɗaura mini abin da na biya."

Migdalia ta dube shi, ta dubi Nilsa, ta ɗaura.

Ranar Asabar kuwa ya ci tseren. Ya dawo yana ta hon tun daga bakin layi, yana ɗaga takardar da aka rubuta lokacin da ya yi a tseren. "Ku je ku gaya wa tsohuwar nan!" Nilsa ta ci gaba da gugar rigar Yaritza.

Litinin ƙarfe shida suka fito. Yaritza a gaba da littafinta. Nilsa a baya tare da mahaifiyar Wilo, Doña Lucha, mace mai jiki, wadda ta rantse sai ta raka jikarta ta yi addu'a a bakin ƙofa. Ga kular shinkafa da kaza a but.

A kwana ta farko a hanyar dutsen aka ji ƙiiit daga baya.

Nilsa ta ce, "Ka ji?"

"Tsakuwa ce."

Kwana ta gaba, ƙiiit. Ta gaba ma haka. Can sai warin ƙonannen roba ya cika motar.

Doña Lucha ta toshe hanci. "Kai yaron nan, gasa mu za ka yi?"

"Wilo, don Allah ka tsaya mu duba."

"In na tsaya mu makara, ki ce ni ne! Kowa ya yi mini shiru!"

Bai rufe baki ba tayar dama ta fashe. Bayan motar ya wulla gefe, ta goge ƙarfen bakin hanya, ta tsaya. Ƙasa da su rami ne mai zurfi. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo.

Ƙarfe bakwai saura kwata. Nilsa ta fito, ta ɗaga murfin but. "Yi sauri, sa safaya."

Wilo ya tsaya yana kallon ƙasa.

Ta ture kular, ta ɗaga shimfiɗar. Wayam. Ba safaya, ba jak.

"Ina suke?"

"Na cire ranar Juma'a. Nauyi suke ƙara wa mota a tsere."

"Nauyi?" Muryarta ta tashi har dutse ya amsa. "Nauyi, Wilfredo? Shekara huɗu yarinyar nan tana tashi da asuba! Shekara huɗu ina wanke kayan mutane don ta yi karatu! An faɗa maka a gabana da baki, ka zagi matar da ta isa ta haife ka, don kar wasu zauna-gari-banza biyu su yi maka dariya. Ina suke yanzu? Kira su mana, su zo su ɗauke mu!"

Ya kira su. Ɗaya bai ɗaga ba, ɗaya ya ce yana wurin aiki.

Nilsa ce ta kira Migdalia, kunya kamar ta nutse. Dattijuwar ba ta ce komai ba sai, "Kuna ina?" Ta rufe shagonta, ta zo da akori-kurarta. Ta sauke wa Wilo taya da jak a gefen titi ba tare da ta dube shi ba, ta ce, "Yarinya, shigo. Nilsa, shigo."

Ta yi iya ƙoƙarinta. Amma sun riga sun yi asarar kusan awa guda, suka kuma faɗa cunkoson shiga San Juan. Tara da minti goma sha huɗu suka isa.

Nilsa ta roƙi mai gadi har da hawaye. Ya ce, "Uwa, ni ma ina da 'ya. Amma an raba takardu, sai zagaye na gaba, nan da wata shida."

Ranar Laraba asibiti suka kira. Yaritza ta saurara, ta ce, "Na gode, na fahimta." Ta ninke farar rigar aikin da kakarta ta ɗinka mata, ta sa a ƙasan akwati. Wilo yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin yana kallonta.

Kafin watannin su cika Yaritza ta samu aikin wucin gadi a wani kantin magani. Kullum da safe uban yakan tada mota, ya leƙo ta taga.

"Yari, zo in sauke ki."

Ita kuma ta gyara jakarta a kafaɗa, ta ce, "Na gode, Baba. Zan taka."

Darasi: Kafin ka zaɓi abin da zai burge abokanka, ka tuna waɗanda ke zaune a bayanka, don su ne za su biya kuɗin girman kanka. Kuma kar ka raina shawarar wanda ya san aikinsa. Ku tura wa maza masu mota, ko wani zai tsaya ya saurara tun kafin ya cuci 'yarsa.