Cokali Ɗaya, Ƙwai Goma

Ku gyara zama, ga wata nan tafe, ta kurege ce.

Kurege Jatau ya kwashe damina guda yana barci a gindin rimi, sai da kaka ta yi ya tuna yana da ciki. Rumbun kowa ya cika, nasa ko ƙwayar gyaɗa babu. Yana cikin yawon yunwa sai ya ji Kura tana ƙorafi a bakin rafi, wai shekara uku a jere Jaki yana kayar da ita a kokawar kaka, ga ta bana saura wata guda.

Jatau ya lashe baki ya ce, "Abinci ya samu."

Ya tsinci wani gwangwani mai ƙyalli a bakin hanya, ya je gindin turmi ya cika shi da dusa, ya barbaɗa toka. Sannan ya cusa audugar rimi a cikin rigarsa, ƙirji da damatsa, har ya koma kamar buhu mai wutsiya.

Da gari ya waye ya nufi Kura, yana tafe yana buɗa hannuwa.

"Yaya Kura, matsa kada in taka ki ban sani ba! Ni ne Jatau, na mari giwa ta ba ni haƙuri!"

Kura ta zaro ido. "Kai, ba kai ne jiya iska take turawa ba? Me ka ci?"

"Garin ƙarfi, daga bayan teku. Cokali ɗaya ya fi rago guda. Don ke ce, kawo ƙwai ɗaya."

Kura ta taɓe baki. "Abin ƙwai ɗaya? Ai wannan na talakawa ne."

Jatau ko gezau. Ya juya baya, ya girgiza gwangwanin nan dai, ya juyo. "To ga na manya. Cokali ɗaya, ƙwai goma da kilishi."

Nan take ta biya, har da godiya. Ni dai wautar Kura ta daɗe tana ba ni haushi, amma ta ran nan ta fi ta kullum.

"Sharaɗi biyu ne," in ji Jatau. "Kada ki motsa jiki, garin a kwance yake aiki. Kuma ba ya shiri da nama. Duk wanda kika samu, ki kawo in zubar miki da shi can nesa."

Da gari ya waye ya tari Jaki yana hawan tudu da kayan itace.

"Baba Jaki, wannan wahala har yaushe? Cokali ɗaya ka huta."

Jaki bai ko tsaya ba. "Ɗana, harawar wake ta ishe ni. Tudun nan kuwa sau biyar nake hawansa kullum, kuma bai taɓa karɓar ƙwai a hannuna ba."

Jatau ya ja tsaki, ya koma wajen mai saye.

Kwanaki suka tafi. Kura tana kwance tana lasar dusa, Jatau yana zubar da nama a cikin cikinsa. Kumatunsa suka yi sheƙi, ita kuwa har wuyanta ya zama tsinke.

"Jatau, jiri nake gani," ta ce.

"Madalla! Tsohon ƙarfi ne yake fita don sabo ya sami wuri. Ƙara cokali biyu."

Da gari ya waye ran kokawa, ganga ta ɗauka, dabbobi suka yi da'ira. Mai hankali da tuni ya ɓace, amma Jatau ya ga taro, sai kwaɗayi ya ɗora shi a kan suri yana talla. Kura ta shigo fili tana tangaɗi. Kafin a kama, Jaki ya yi atishawa. Kura ta faɗi rigingine.

Aka bushe da dariya. Ta ɗago kai da kyar. "Jatau! Ina ƙarfin da na saya?"

"Yana hanya, Yaya! Daga ƙafa yake farawa!"

Jaki ya matso, ya sa hanci a gwangwanin, ya ɗanɗana. "Dusa ce. Irinta ake ba ni kyauta, tawa ma ba toka." Ya cafki rigar Jatau da haƙori ya kaɗa. Auduga ta tashi, damatsa suka bi iska.

Ƙafa me na ci ban ba ki ba! Jatau ya kai bakin raminsa ya afka, sai ya maƙale. Ƙwai da kilishin wata guda sun hana shi wucewa: kai a ciki, wutsiya a waje. Kura ta iso da rarrafe, ta danna masa cizo, amma ina ƙarfin? Gashin wutsiya kawai ta tuge. Jaki ya ce, "Matsa, 'yar'uwa," ya juya ya sakar masa harbi ɗaya. Jatau ya shige fit, ya gangara har ƙarshen rami.

Can sai ga muryarsa daga ƙasa, tana rawa don zafi.

"Jama'a, kun gani da idonku! Wa ya taɓa shan cizon kura da harbin jaki rana ɗaya ya rayu? Aikin garin ne! Daga yau cokali ƙwai ashirin!"

Ƙurunƙus, ta ƙare a nan. Wanda bai yarda ba, gwangwanin yana wurina, ya zo da ƙwansa.