Haƙorin Uwaisu Tela

Malam Uwaisu tela ne a Kabo. Hannunsa na da kyau, amma ba ya iya jira. Da ya ga layin asibiti sai ya juya.

Tun yana ƙarami wani ciwon maƙogwaro ya lalata masa ɗaya daga cikin ƙofofin zuciya. Likita a Kano ya taɓa gargaɗinsa: "Bakin kowa akwai ƙwayoyin cuta, suna zaune lafiya. In suka shiga jininka, a tabon da ke ƙofar nan za su maƙale. Kada a taɓa maka haƙori sai mun ba ka magani tukuna."

Saura kwana tara Sallah, ɗinki ya taru, haƙorinsa ya kumbura.

"Malam, mu je Kano gobe," in ji matarsa Zubaidatu.

"In bar shaddar mutane in wuni a kan benci? Baƙo zai cire shi kafin ki gama dama koko."

"Likita fa ya ce..."

"Likita ne zai ɗinka wa Alhaji babbar riga?"

Baƙo mai cire haƙori ne a kasuwar Gwarzo. Can Uwaisu ya tafi. Baƙo ya ɗauraye filaya a bokiti, ya fizge haƙorin, jini ya cika bakin Uwaisu.

"Barka, tela, an sauka lafiya!" in ji Baƙo.

Bayan Sallah zazzaɓi ya fara, ya tafi ya dawo. Sau uku yana sayen maganin maleriya a kemis. Wandon da ya ɗinka wa kansa ya yi masa yawa. Zubaidatu ta ga siraran layuka jajaye a ƙarƙashin faratansa.

"Rinin shadda ne," ya ce.

Wata safiya yana zura zare, allura ta faɗi. Ya sa hannu ya ɗauka, hannun ya ƙi. Bakinsa ya karkace.

A Kano likitan ya leƙa bakinsa, ya ga gurbin. "Wa ya cire?" Zubaidatu ta faɗa masa. Gwaji ya nuna ƙwayoyin sun taru a ƙofar zuciyar, wani guntu ya ɓalle ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa.

Mako shida ya kwanta ana masa allura. Ya rayu, amma hannun dama bai dawo ba. Keken ɗinkin na nan a shago, an lulluɓe shi da zane.

Darasin shi ne, baki da zuciya jini ɗaya ke haɗa su. Mai ciwon zuciya ya kula da haƙoransa, kuma kada ya bari a cire masa ba da sanin likita ba. Wuni ɗaya Uwaisu ya ƙi jira.