Ranar da Sallau Ya Kira Sunan 'Yarsa

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah, ɗan gidan da ciwo ba ya dawowa. A sauran gidajen garin mutum kan warke ya sake kwanciya, amma a wannan gida ciwo idan ya fita ya fita ke nan. An san haka ne domin babba a gidan, Alhaji Badamasi, ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a, da lasifika a hannu, kuma ba a taɓa jin ya janye magana ba.

To ba Alhaji ne mutumin namu ba. Mutumin namu ƙanensa ne, Sallau, mai wankin hula a bakin kasuwa. Irin mutanen nan ne da in an taka su, su ke cewa a yi haƙuri. Allah Ya ba shi 'yar fari, aka sa mata Zuwaira, ana yaye ta aka kai wa Alhaji riƙo. Kun san al'adarmu game da ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya sa baki a harkarsa. To Sallau ya riƙe wannan al'ada fiye da kowa. In ta kama dole ya ambace ta, sai ya ce "yarinyar wajen Yaya". Ita kuma ta tashi tana ce wa Alhaji Baba, tana ce wa wanda ya haife ta Baffa. Mutane suna yabonsa, suna cewa Sallau akwai kara. Ku riƙe wannan yabon, za mu dawo kansa.

Zuwaira tana tsakiyar sakandare ciwon ciki ya kama ta. Murɗa, gudawa har da jini, ga rama. Aka yi mata maganin tsutsar ciki. Aka yi mata maganin taifod, aka sake, aka kuma, domin a garin duk ciwon da ya ƙi faɗin sunansa taifod ne. Sai da aka kai ta babban asibitin koyarwa aka leƙa cikin hanjinta, sannan wata likita, Dakta Murjanatu, ta ce ciwon Kuron ne. Garkuwar jikin yarinyar ce ta juya tana yaƙar hanjinta, hanjin ya kumbura ya yi miki. Ta ce ba a raba mutum da shi, sai dai a kwantar da shi. Ta ɗora ta a kan wata allura ta musamman, irin wadda suke ce wa bayolojik, wadda ke kama hannun garkuwar jiki ta hana ta ɓarna. Sharaɗinta, a ajiye ta a firij.

Allura ta karɓe ta. Yarinya ta yi kumatu, ta koma makaranta.

Ku saurara da kyau a nan. Likita ta ce ciwo ya kwanta. Alhaji ya ji an ce ciwo ya tafi. Ya sa aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, aka yanka sa, aka yi walimar godiya. A nan ne ya karɓi lasifika ya sanar da abin da ya sanar. Ya kuma sa aka dawo da firijin falonsa, duk baƙon da ya zo sai an buɗe masa ya ga allurar, kamar yadda ake nuna hoton Makka.

Aka shekara, har da ɗoriya. Sai allura ta fara gajiya.

Dakta Murjanatu ta yi gwajin jini ta ce wa Alhaji jikin yarinyar ya gane allurar, ya soma kashe ta tun kafin ta yi aiki. Ta ce wannan ba laifin kowa ba ne, yana faruwa, akwai wata ta daban da ke bi ta wata hanya, a canza tun da wuri. Alhaji ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Likita, abin da aka yi wa walima ba a canza shi. Butulci ke nan. Me zan ce wa mutanen da suka ci naman?"

Ya koma gida ya shaida wa kowa cewa yarinya lafiya lau take. Zuwaira kuwa 'yar biyayya ce. Da aka ce mata lafiya lau take, sai ta dage ta zama lafiya lau. Ta koyi shiga bayi ba tare da ƙarar buta ba. Ta koyi juya tuwo a kwano har ya yi kama da wanda aka ci.

Wata rana da hantsi aka aiko ta da hulunan Alhaji wurin wanki. Sallau yana zaune ya sa hula a kan gungumen icen da ake ɗame ta, yana goga. Ta gaishe shi, ya amsa wa gungumen. Ta miƙo huluna, sai awarwaron hannunta ya zame ya gangara har gwiwar hannu. Ya gani. Ta zauna a kan benci ba a ce ta zauna ba, ta naɗe kamar mai ɓoye wani abu a ciki.

Sallau ya dubi hular da ke gabansa ya ce mata, wato ya ce wa hular, "Mutanen gidan Yaya dai suna cin abinci kuwa?"

Zuwaira ta ce, "Suna ci, Baffa. Abincin ne ba ya zama."

"An gaya wa Yaya?"

"Baba ya ce na warke." Ta ɗan yi dariya, ta dafe ciki. "Ni wace ce da zan ƙaryata bijimin walima guda?"

Ta tashi ta tafi tana bin inuwar bango. Sallau ya goge hular nan har zarenta ya fara tashi.

Da la'asar ya je ya durƙusa a gaban yayansa. Ya yi gaisuwa, ya tambayi gajiya, ya tambayi kasuwa, ya kewaya ya kewaya, sannan ya ce, "Yaya, na ce ko yarinyar wajenka za a ƙara dubawa? Na ga kamar ta rame."

Alhaji ya ce, "Ka ga? Da wane idon? Sallau, tun tana tatata take hannuna. Yau kai ne za ka koya mini riƙo? In ka fasa kyautar ne ka faɗa, in tara dangi su ji."

Sallau ya ce, "Allah Ya huci zuciyarka, Yaya." Ya ja da baya ya fita.

Jama'a, nan ne wurin da muke cewa madalla. Nan ne muke cewa ga ladabi, ga haƙuri, ga ƙane na gari. Da labarin ya tsaya a nan, da kun tafi gida da sanyin zuciya, da ita kuma yarinyar ta ci gaba da zubar da jini cikin ladabi. Damina ta wuce a haka. Kaka ta wuce a haka.

Sai ranar komawa asibiti ta zo. Kullum in za a je, Sallau yakan rufe rumfa ya bi su a motar haya, ya ce yana da sayayya a birni, ya zauna a barandar asibiti nesa da ƙofa, a gama a fito ya koma gida ba sayayyar. Ran nan sai ya zauna kusa da ƙofar, ita kuma ba ta rufu sosai ba.

Ya ji likita tana cewa, "Zuwaira, yaya cikin?"

Ya ji yayansa ya ce, "Lafiya lau."

"Alhaji, ba kai na tambaya ba."

"Ai ni ne bakinta."

"To bakinta ya ce lafiya, sikeli ya ce ta zube, jininta ya ce wuta ake yi a ciki. Wa zan yarda da shi? Na faɗa maka tun kafin damina. Hanjin nan yana tabo, yana tsukewa. Ba zan canza magani ba sai da yardar iyaye, amma in aka ƙara jinkiri, wuƙa za ta yi abin da allura ta kasa."

Alhaji ya ce, "Ni ne iyayen. Kuma na gama magana."

Sallau ya tashi. Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, domin ko tawaye zai yi ba zai shiga wa manya da takalmi ba. Ya tura ƙofa. Gwiwoyinsa suka nemi durƙusawa kamar yadda suka saba, ya hana su.

Ya ce, "Likita, a gafarce ni. Ni na haife ta."

Alhaji ya ce, "Sallau! Fita!"

Bai fita ba. Ya juya ya dubi yarinyar, ido cikin ido, abin da bai yi ba tun tana cikin zanen goyo. Ya buɗe baki, sunan ya maƙale, ya sake gwadawa.

"Zuwaira."

Ta ɗago kamar wadda aka kira daga wani gari.

"Zuwaira, gaya wa likita abin da ke damunki. Duka. Kar ki rage komai don kowa."

Ta faɗa. Jinin da take wankewa a ɓoye, aman da take yi bayan cin abinci, darasin da take fita a tsakiyarsa har 'yan aji suka sa mata suna. Ta yi ta faɗa, likita tana rubutu, ba wanda ya katse ta.

Alhaji ya ce, "Sunanta ka kira? A gabana? 'Yar fari? Kunyar taka fa?"

Sallau ya ce, "Tana nan, Yaya. Yanzu haka ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ranar suna ni na raɗa wa liman sunan nan, tun daga ranar na ajiye shi ban taɓa ba. Na ga in ban kira shi yau ba, liman ne zai sake kiransa, a kan makara. Likita, a canza."

Alhaji ya ce, "In aka canza, ba ni ba ita. Ba motata, ba firijina."

Dakta Murjanatu ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Sabuwar a nan asibiti ake ɗaura ta kamar ƙarin ruwa, Alhaji. Firijin ya huta."

Aka canza. Sallau ya sayar da gonarsa ta gado ya tsaya a kan maganin. Dangi suka taru suka yi masa faɗa. Waɗanda suka shekara suna cewa Sallau akwai kara, su ne suka ce ashe dama fitsararre ne, ya kira sunan 'yar fari a gaban baƙuwar mace. Wasu manyan unguwa suka janye hulunansu daga rumfarsa. Ya ce musu Allah Ya ba da haƙuri. Amma bai ce ya tuba ba. An matsa, an matsa, bai ce ba. Duk ranar ƙarin ruwa yana zaune a gefen gadon, a ciki, ba a baranda ba, yana cewa Zuwaira kaza, Zuwaira kaza, har ta ce, "Baffa, ka rage, kar sunan ya ƙare."

Sabon magani ya karɓe ta. Kumburi ya sauka, jini ya tsaya. Sai dai magani yana kashe wuta ne, ba ya gyara abin da ya riga ya ƙone. Wurin da ya yi tabo a watannin nan na lafiya lau ya tsuke ya ƙi buɗewa. Dole aka shiga da ita tiyata aka yanke wannan yanki na hanji. Jarrabawar fita sakandare ta wuce tana kwance.

To ku saurara, ga abin da na tara ku in faɗa muku. Kunya alheri ce, haƙuri alheri ne, girmama na gaba alheri ne. Amma haƙurin da kai za ka sha yabonsa wani ya sha azabarsa, wannan ba haƙurinka ba ne, kuma ba ibada ba ce. Malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya warware dogaro ga Allah, to barin wanda ya daina aiki a koma wani ma ba ya warware godiya. Wanda Ya sa waraka a allurar farko Shi ne Ya sa ta a ta biyu. Ba allura aka yi wa walima ba, in dai da gaske Allah aka gode wa.

Kuma kar kowa ya tashi daga nan yana cewa Allah wadaran Alhaji Badamasi. Da yawanmu mun taɓa riƙe lasifika. Mun ce a gidanmu ba a faɗuwa jarrabawa, a gidanmu ba a ciwon ƙwaƙwalwa, a gidanmu ba a kuka. Mun faɗa, an tafa, mun manta. Wani yana can cikin gida yana ta ƙoƙarin kada maganarmu ta faɗi ƙasa. In kun koma yau, ku nemo shi. Ku kira sunansa, ku tambaye shi, ku bar shi ya amsa da bakinsa.

Alhaji dai ya huce daga baya, domin shi ma yana son yarinyar, irin nasa son. Da ta samu sauƙi aka fara zuwa barka, yana zaune a falo, ana fito wa baƙi da zoɓo mai sanyi daga firijin nan, yana ba su labarin yadda ya yanke shawarar a canza magani a kan lokaci. Ya ce musu, "Ai na faɗa tun farko, mu a gidanmu ciwo ba ya dawowa."

Ta taga Zuwaira tana jin sa. Tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, littattafan ajin da za ta maimaita a gabanta, kofin kunu a gefe tana kurɓa kaɗan-kaɗan kamar yadda likita ta ce. Ta sa hannu ta gyara zaninta, ta ɗaga ɗaurin sama kaɗan don kada ya goge ɗinkin, ta buɗe shafi na farko.