Irin Wake a Buhun Aro

Akwai wani manomi wanda fari ya kore shi daga ƙasarsa. Da zai tashi, shi da matarsa suka raba irin waken da ya rage musu gida biyu. Ya zuba nasa a gora, ya gauraya da toka don kada ƙwari su shiga, ya toshe bakin. Suka shirya in ya sami gona, za ta biyo shi da nata rabin.

A hanya ya tsare gorar nan kamar ransa, da ita ma yake matashin kai. Da ya isa sabuwar ƙasa sai ya ce a ransa, ai hatsari ya wuce. Kaɗaici kuwa ya dame shi ƙwarai. Wani maƙwabci, wanda shi kaɗai a cikin maƙwabta yake gaishe shi, ya yi wa tokar dariya, ya ara masa buhu. Buhu fes, ko mai shi bai san akwai ƙwan ƙwari a ɗinkinsa ba. Manomi ya kaɗe tokar, ya juye irinsa a ciki.

Bayan watanni, tsohuwar da ta ba shi masauki ta ce ya ɗebi kaɗan ya zuba a ruwa, gama wanda aka cinye cikinsa yakan taso sama. Ya ƙi, wai ƙwaya-ƙwaya ya duba shi kafin ya bar gida. Gaskiya ne, amma duban bara ne, kuma tsoro ne ya hana shi.

Sai labari ya zo cewa matarsa tana tafe. Ya sani tana isowa za ta juye nata a kan nasa. Ya ɗebo ruwa a ƙwarya, ya zuba irin kaɗan, wake ya taso. Zuciya ta ce masa ya yi shiru, wa zai sani? Tsohuwar kuwa da ta gani ta ce ya shanya sauran a rana, ya mayar cikin toka, zai tsira.

Matar ta iso da murna, ta kai hannu za ta buɗe gorarta. Ya riƙe hannunta.

"Maman Iliya, dakata. Nawa waken ya kamu da ƙwari, a nan kuma ya kamu."

Ta yi kuka, shi ma ya yi. Da damina ta faɗi, tare suka yi shuka.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: irin nan jikinku ne, ƙwarin kuwa cutar ƙanjamau. Da yawa daga cikinmu sun bar gida lafiya lau, sai bayan sun sauka a baƙuwar ƙasa, cikin kaɗaici, suka kamu, a hannun wanda shi ma bai sani ba. Ruwan nan gwajin jini ne. Wanda ya kamu, akwai maganin da zai riƙe shi, ya kare iyalinsa, Ubangiji kuma bai yashe shi ba. Amma kai da ka aika wa matarka ta taho, ka je a gwada ka tun tana hanya.