Sunan Wa Za a Rubuta a Ƙofar?

Ku matso ku ji wata gardama da na tarar lokacin da nake aikin jinya, wadda har na yi ritaya ba a raba ta ba.

A wani ƙauyen fadama, Tungar Maraya, ciwon tundurmi ya addabi manoman shinkafa. Mutum na cikin ƙarfinsa sai ƙafa ta kama kumburi, har gona ta gagare shi. Wata siririyar tsutsa ce sauro ke sa wa mutum a jini. Maganin da ake rabawa yana kashe 'ya'yanta, amma uwar tana nan tana ta haihuwa.

A wata cibiyar bincike kuwa akwai abokai uku da suka yi jami'a tare: Dakta Zulai, Dakta Gambo da Dakta Sabi'u.

Zulai masaniyar tsutsotsin jiki ce. Shekara bakwai tana zirga-zirga zuwa Tungar, da damina a kwalekwale, tana ɗibar jini tana dubawa. Ita ta lura cewa a jikin tsutsar akwai wasu ƙwayoyin bakteriya, kuma duk wadda ta rasa su ba ta ƙara haihuwa. Sai dai ta kulle sakamakon a durowa wata takwas, don tsoron kada Gambo ya riga ta yin suna da shi. A cikin watannin nan ƙafafun mutum goma sha ɗaya suka kumbura.

Gambo shi ne gwanin karanta ƙwayoyin gado na bakteriya. Da ta nuna masa daga baya, ya duƙufa shekara biyu, gwaji ya lalace masa ya fi sau arba'in, har ya gano inda ƙwayoyin suke da rauni. Ya tabbatar cewa wani magani da ke kowane kemis yana kashe su. Ya rubuta takarda, aka buga a ƙasar waje, masana suka yi ta kafa hujja da ita. Amma sunansa kaɗai ya sa a sama, na Zulai yana can ƙasa cikin waɗanda ake yi wa godiya. Da ta tuhume shi sai ya ce, "Ke gani kawai kika yi, Zulai. Ni na san ma'anar abin da kika gani."

Sabi'u likita ne. Maganin sai an sha kullum har mako shida, mutanen Tungar kuwa suka ƙi, suka ce an daɗe ana kwasar jininsu ba su ga waraka ba. Sai ya tare a garin, a wani ajin firamare, zazzaɓi ya kwantar da shi sau biyu. Inna Kande mai turara shinkafa ce ta fara karɓa. Ta ce, "Likita, in na mutu kai za ka riƙe mini marayu." Ba ta mutu ba, kumburin ya tsaya, gari duka ya biyo ta. Shekara uku ba a sami sabon kamu ba. Amma da 'yan rediyo suka zo, Sabi'u ya ce shi ya kawo maganin, bai ambaci kowa ba. Ransa ya daɗe yana suya ganin Gambo na hawa jirgi zuwa taro, shi yana fama da sauro.

Da aka gina wa cibiyar sabon ɗakin bincike, hukuma ta ce sunan mutum ɗaya za a rubuta a ƙofa. Kowannensu ya kai takarda a ɓoye, yana lissafa laifin sauran biyun, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Shugaban cibiyar ya rasa mafita, ya je har Tungar ya tambayi Inna Kande.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, Sabi'u ne ya ba ni magani a hannu. Amma baiwar Allah mai ɗibar jini ce ta fara taka ƙofata."

Ya ce, "Gambo fa?"

Ta ce, "Wane ne Gambo?"

Alhali maganin da Gambo ya gano ne ta haɗiya kwana arba'in da biyu.

Da Zulai ba ta gani ba, da Gambo ba shi da abin karantawa. Da Gambo bai karanta ba, da Sabi'u ba shi da abin bayarwa. Da Sabi'u bai zauna a garin ba, da aikin ya ƙare a takarda. Kuma kowannensu hassada ta sa ya cuci wani.

To, ku da kuka ji duka, sunan wa za ku rubuta a ƙofar?